Ku Tambayi Hajiya Nas: Barci da Lafiyar Jiki a Jirgin Sama

Wasiƙun wannan watan kusan duk kan tafiyar jirgi suka zo, da yake masu Umra na shiri, 'yan kasuwarmu na Kumasi kuma na haramar sarin kayan Salla. Na tsamo biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ina da shago a Kejetia, zan je sari Guangzhou a Chaina ta Adis Ababa. Tafiyar bara ko runtsawa ban yi ba, na sauka wuya a sanƙare, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ƙawata ta turo mini hotunan kaya a WhatsApp: matashin wuya, wani lilon ɗora ƙafa, da abin sa wa kunne mai ɗan karen tsada, ta ce in nemi ƙwayar barci kuma. Wanne zan saya? 'Yar kasuwa daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya kamata ya zo farko ba ya cikin hotunan ƙawar taki, wato safa mai matse ƙafa. Ciwon wuya kwana biyu ne ya wuce. Ƙafar ce nake so ki tsaya ki saurare ni a kanta.

Lissafa zamanki. Za ki hau bas a Asafo, awa biyar ko shida kafin Accra idan hanya ta yi kyau. Sai zaman jira a filin jirgin Accra. Accra zuwa Adis Ababa kusan awa shida, ki sake jira, sannan Adis zuwa Guangzhou awa goma da wani abu. Yini da kwana ke nan gwiwa a lanƙwashe. Jinin da ya gangara ƙafa, naman sha-raɓa ne ke matso shi ya koma sama duk lokacin da mutum ya taka. In aka zauna shiru sai ya kwanta a jijiyoyin ciki, wani lokaci ya daskare ya zama guda. Gudan nan in ya ɓalle huhu yake nufa, kuma yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta a 2007: zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini kusan biyu, a jirgi ne ko a mota ko a jirgin ƙasa. Kin ga ashe tun daga basin Asafo lissafin ya fara. Kada hankalinki ya tashi fiye da kima, ga mai lafiya abin bai wuce mutum 1 cikin 6,000 ba. Amma ya fi haka ga mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, da mai ƙiba, da wanda aka yi wa tiyata, da mai ciwon daji, da wanda ya taɓa samun gudan jini a baya. Ki duba ko kina cikinsu. In kina ciki, ga likita kafin ki biya kuɗin tikiti.

Safar da nake nufi ba ta 'yan ƙwallo ba ce, ba kuma ta gwanjo ba. A babban kantin magani ake sayenta, a Adum za ki samu. Ki ce mai tsayawa ƙasan gwiwa kike so, wadda aka rubuta ƙarfin matsinta a jikin kwali, tsakanin 15 da 30 mmHg. Tana da lamba kamar takalmi, don haka da safe kafin ƙafa ta fara nauyi ki ɗauki tef ɗin tela ki auna idon sawu inda ya fi siranta da sha-raɓa inda ta fi kauri, ki tafi da awon. Wajen sa ta, zura hannu ciki ki kama wurin diddige, ki juyo ta baibai har zuwa nan, ki sa tafin ƙafa, ki daidaita diddigen, sannan ki riƙa jan ta sama kaɗan-kaɗan kina baje duk inda ta tattare. Za ki yi gumi ranar farko. Kada ki naɗe bakinta na sama in ta yi miki tsawo, naɗin nan ɗaure jijiya yake yi, gara ma ba ki sa ba. Lokacin da nake aiki a ɗakin 'yan tiyata, ba abin da muke yawan gyara wa majinyata kamar wannan naɗin. Ki gwada ta yini guda a shago tun da sauran mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar tafiyar kuma tun a gida za ki sa.

Safa ba ta ɗauke miki motsi. Duk awa ɗaya ko biyu ki tashi ki taka zuwa bayan jirgi ki dawo. A zaune ma ki riƙa ɗaga diddige kina saukewa, ki ɗaga yatsu, ki juya idon sawu. Jakar hannu ki ɗora ta sama, kada ki cusa ta gaban ƙafarki ta cinye ɗan filin da kike da shi. Da ni ce, kujerar bakin hanya zan roƙa a doguwar tafiyar, ko da yake ta taga ta fi daɗin jingina kai. Wanda ke taga kunyar tayar da mutum biyu yake ji, sai ya daure ya zauna.

Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida, wanda ke saɓewa bayan an kwana an ɗora ƙafa kan matashi, yawanci ruwa ne kawai ya taru. Wanda ake gudu shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo, wurin ya yi ɗumi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji. Yana iya fitowa bayan kin dawo Kumasi kin buɗe dila, don haɗarin yakan kai mako huɗu bai gama sauka ba. In kin ga haka kada ki bari a murza miki ƙafar da man zafi, asibiti kai tsaye, ki gaya musu daga doguwar tafiya kike.

To, sai barci. Matashin wuya yana da amfani, amma yawancin mutane a juye suke sa shi. Kai ba baya yake faɗuwa ba, kujera ta tare nan. Gaba yake rinjaya, ki zabura ki farka. Juyo kaurin matashin ƙarƙashin haɓa, buɗaɗɗen bakin ya koma ƙeya. Sannan ki shafa wurin jingina kai na kujerarki, a yawancin manyan jirage gefe da gefensa na lanƙwasuwa su riƙe kai, da yawa ba su sani ba har su sauka. In mai hurawa kika saya kada ki cika shi tam a ƙasa, iskar ciki kumbura take yi idan jirgi ya yi sama. Ni dai mayafi mai kauri nake nannaɗewa in zagaya wuya in cusa bakinsa, in sanyi ya dame ni in warware in lulluɓa. Bai ci mini wuri a jaka ba, ke kuwa da za ki dawo da kaya kin san darajar kowane kilo.

Abin kunnen nan mai tsada yana kashe gurnanin inji sosai, kukan jariri ne bai iya masa ba. In kuɗin ba zai taɓa jarinki ba, saya. In zai taɓa, 'yar soson toshe kunne ta kantin magani ta isa: murza ta ta sirance, ja kunnen sama da ɗaya hannun, zura, riƙe da yatsa kamar rabin minti har ta kumbura ta cika ramin. Haɗa da ƙyallen rufe ido. Lilon ƙafa kuwa bar shi, a jikin teburin kujerar gabanki ake rataye shi, wasu kamfanonin ma ba sa yarda da shi.

Ƙwayar barci ban yarda ba, ko Valium ko Piriton ɗin da mutanenmu ke sha don su yi barci. Wadda ta sha ƙwaya awa bakwai za ta yi a dunƙule ba motsi, abin da muke gudu ke nan tun farko. In kuma wani abu ya taso aka ce kowa ya fita da sauri, da wane kai za ta fita? Gyangyaɗin awa biyu, a tashi a taka, a dawo a ƙara, ya fi. Ki ɗaura bel a saman bargo don ma'aikata su gani kada su tashe ki, kuma kada ki kwance shi don za ki yi barci. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa gargadar iska, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. Gargada ba ta sallama.

Chaina na gaban Ghana da awa 8, shi ya sa kwanakin farko za ki ga ido biyu tsakar dare, barci kuma a tsakiyar ciniki. Fita cikin hasken rana, ki ci abinci a lokacinsu, ki daure har dare. Kada ki sa babban ciniki a ranar da kika sauka.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Zan tura mahaifiyata Umra, ta haura saba'in, tana da suga da hawan jini, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Me zan haɗa mata? Kuma in ta sa safar da kuke faɗi, yaya za ta yi da alwala? Ɗanki daga Asawase.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka. Kafin sayen komai kai Mma wurin likitanta. Mai suga da ta daɗe da shi, wani lokaci jini ba ya isa ƙafa sosai, ko ƙafar ta daina ji, ko akwai gyambo. Irin wannan ƙafar safa mai matsi cutar da ita za ta yi. Likita ne zai duba ya ce a sa ko a bari. Shi ne kuma zai tsara mata lokutan magani, tunda Saudiyya na gabanmu da awa 3.

Magungunanta duka a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, da takardar likita. Kada a juye su a leda ɗaya fari da ja. Insulin musamman kada ya shiga akwatin da ake aunawa, sanyin ƙasan jirgi na iya lalata shi, akwati kuma yakan yi ɓatan kai a inda aka canja jirgi. Sa mata dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar suga in abinci ya yi jinkiri. Ka gaya wa ejan ɗin ya nema mata keken guragu da abincin masu suga, aƙalla kwana biyu kafin tashi. Filayen jirgin Istanbul da Dubai tafiya ce mai nisa a ciki, ba ta tsohuwa ba. Katin rigakafin shawara da allurar sanƙarau dole ne. Goro ta bar shi a gida, masu kula da alhazai suna gargaɗi a kansa, kuma kada kowa ya ba ta saƙon Tramadol ko wani ƙullin da ba ta san cikinsa ba, ko ɗan wane ne.

Yanzu ga wanda ba a saye da kuɗi, kuma shi ya fi damuna da iyayenmu. Ba sa shan ruwa a jirgi. Ba ƙishi ne babu ba, tsoron bayan gida ne. Na zauna kusa da wata dattijuwa da duk abin da aka miƙo sai ta girgiza kai, leɓɓanta har sun tsage. Da na lallaɓa ta sai ta raɗa mini cewa ba ta san yadda ake buɗe ƙofar ba, kuma an ce mata ramin yana zuƙe mutum. Na kama hannunta muka je tare. Don haka zauna da Mma ka kwatanta mata tun a gida. Ƙofar turawa ake yi a tsakiya ta naɗe. In ta shiga ta ja sakata, jan sakatar ne ke ƙara hasken fitila. In ta gama ta rufe murfi ta danna maɓalli, za ta ji ƙara mai ƙarfi, iska ce kawai, ba abin da zai same ta. Babu buta a ciki, saboda haka sa mata ƙaramar gorar roba da babu komai ciki, ta tara a famfon wurin ta yi tsarki. Ruwan famfon nan ba na sha ba ne. Na sha kuwa, ta karɓi ruwa kofi guda duk awa, ko ka ba ta wata gorar daban ta cika bayan an wuce bincike, tunda ba a wucewa da ruwan da ya haura mililita 100. In akwai mace a ayarinsu, a haɗa su kujera.

Alwala kuwa, ta yi ta a filin jirgi sannan ta sa safar. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke kai, shafa a kan huffin fata ake yi, wasu malaman kuma sun sauƙaƙa a kan safa. Je ka tambayi limaminku wannan da batun haɗa salloli da taimama, ya faɗa mata abin da za ta riƙe. Ni roƙona ɗaya ne, kada a ɗaga ƙafa a sa cikin ɗan kwanon wanke hannun jirgi, ƙasa ta jiƙe tsohuwa ta zame. Mace tana iya barin safarta ko ta ɗauki harami. Namiji ne in jirginsa Jidda zai sauka ya ɗaura harami a hanya, safa ta haramta gare shi, sai ya ƙara yawan tashi da takawa.

Daren tafiya ta haƙura da waakye, wato shinkafa da wake, da ƙosai da lemon kwalba. Iskar cikin hanji tana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a sama, cikin da ya sha wake kuwa ka san sauran.

TAMBAYA: Ina da sikila, SS, na samu gurbin karatu a Ingila. An ce jirgi na tayar da ciwon. Gaskiya ne? Ɗalibi daga Tafo.

AMSA: Barka da arziki ɗana. Akwai gaskiya a ciki, amma masu sikila suna tafiya lafiya in sun shirya. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ɗin da ke shiga jini yana ɗan raguwa. Mai lafiya ba ya ji. Kai kuwa abu uku da ke tayar maka da ciwo sun haɗu a wuri ɗaya: ƙarancin oksijin, bushewar jiki, da sanyi. Je asibitin masu sikila na Komfo Anokye makonni kafin tafiya, a auna jininka. In awon ƙarfin jinin (Hb) ya yi ƙasa da 8, ko ciwon ya tashi cikin kwana goma kafin ranar, likita zai iya cewa a ɗaga tafiyar ko a nema maka oksijin a jirgi. Wannan akwai fom ɗin da likita ke cikawa a kai wa kamfanin tun da wuri, ba a bakin ƙofa ake roƙa ba. Accra zuwa Landan awa shida da rabi ne zuwa bakwai. Sha ruwa fiye da na kusa da kai, sa rigar sanyi da safa da hula tun kafin ka ji sanyin, ka riƙa tashi. Maganin ciwonka na hannu ya kasance da takardar likita mai bayanin ciwon da abin da ake ba ka, ita za ka nuna a asibitin can ma. Masu SC su ma wannan shirin za su yi. Mai AS ba shi da damuwa a jiragen fasinja na yau.

TAMBAYA: Hajiya, zan je wurin maigidana a Amurka da jaririya 'yar wata bakwai. An ce kunnensu na ciwo. In ba ta maganin mura ta yi barci? Uwar goyo daga Nima, Accra.

AMSA: A'a 'yata, kada ki ba ta. Phenergan da ire-irensa ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, yana iya danne numfashi. Maganin kunnenta yana ƙirjinki. Ciwon ya fi zuwa wajen sauka, kamar rabin awa kafin a taɓa ƙasa, don haka ki ja lokacin shayarwa ya faɗo daidai nan, haɗiya ce ke buɗe kunnen. In tana barci tashe ta. Ke kuma hamma ko cingam. Ki sa a nema miki kujerar gaba mai ɗan gadon jarirai tun yanzu, ba su da yawa. Abincin jariri da madararsa ana barin su wuce bincike ko sun haura mililita 100, ki dai fito da su ki nuna. Ke ma karanta amsar farko. Kilishi kuma kada ki ɗauka wa maigida, ba a shiga Amurka da shi.

TAMBAYA: Duk tafiyar da na yi Dubai sai na dawo da mura. Ba iskar da ake juya mana ba ce mai datti? Alhaji daga Alabar.

AMSA: Alhaji, iskar ba ta da laifin da ake ɗora mata. Kusan rabinta sabuwa ce daga waje, sauran kuma sai ta bi ta matata irin ta ɗakin tiyata, mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke yawo, kuma ana sabunta ta sau 20 zuwa 30 a awa. Aibinta bushewa. Danshinta yakan gaza kashi 20 cikin ɗari, ka ɗauka hunturun Bawku ne ka zauna a ciki awa takwas. Hanci da maƙogwaro in suka bushe ba sa tare cuta yadda suka saba. Murar kuma daga mai tari a kujerun kusa da kai take zuwa, da layin shiga, da hannunka da ya taɓa teburi da sakatar bayan gida sannan ya koma ido da hanci.

Sa takunkumi a layi da lokacin da na kusa ke tari. Riƙe ɗan sanitaiza, ka shafa kafin cin abinci. Ɗigon ruwan gishiri na hanci yana kantin magani, man kaɗe kaɗan a ƙaramin gwangwani kuma ya isa leɓe da hannu. Shayi da kofi a rage, goron ma haka in kana son barci. Tunda Dubai kake zuwa, ka sani tun 1 ga Oktoban 2025 kamfanin jirgin Emirates ya hana amfani da fawa-banki a cikin jirgi. Za ka iya riƙe guda ɗaya a jakar hannu in bai kai 100 Wh ba, amma ba za ka yi caji da shi ba, kuma ba a sa shi a akwatin da ake aunawa. Cika wayarka tun a filin jirgin Accra.